A Zana Layin Kafin A Haddace Ƙa'idar

Duk malamin lissafi a babbar sakandare ya san irin wannan ɗalibi. Ka ba shi layin y = 2x + 3, ka ce ya faɗi gangarar layin da zai gitta shi a kusurwar digiri 90, kafin ka rufe baki ya ce −1/2, kuma daidai ne. Miƙa masa alli ya zana layukan biyu, sai ya yi tsuru-tsuru. Ya haddace "kifa lamba, sauya alama", amma idonsa bai taɓa ganin abin ba. Ni ban ga laifin yaron ba, hanyar koyarwar ce ke da gyara.

Gangara ba wani sirri ba ce. In ka matsa taki ɗaya zuwa dama layi ya hau taki biyu, gangararsa 2 ke nan. Haka y = 2x − 5 ke hawa, shi ya sa shi da y = 2x + 3 ba za su taɓa haɗuwa ba komai nisan da aka ja su. Nan yara ba sa shan wuya.

A wajen layin gittawa ake barin su a baya, alhali takarda mai gida-gida ta isa. Ɗalibi ya ƙirga gida ɗaya dama, biyu sama, ya ja layi. Sai ya juya takardar rubu'in zagaye zuwa hagu. Abin da yake dama ya koma sama, na sama ya koma hagu: gida biyu hagu, ɗaya sama. Ga −1/2 ta fito da kanta, in an ninka ta da 2 a sami −1. Wanda ya juya takardar da hannunsa ba zai ruɗe ba in aka kawo layin kwance mai gangara sifiri, wanda abokin gittawarsa ke tsaye cak, ba shi da gangarar da za a rubuta. Mai hadda kuwa a nan yake maƙalewa, yana neman raba ɗaya da sifiri.

Tun 1637 da René Descartes na Faransa ya wallafa aikinsa, lissafin haruffa da zane tare suke tafiya. Mu ne muke raba su saboda gaggawar ƙare manhaja kafin jarrabawar WAEC da NECO.

Malamai 'yan uwana, ku ware darasi guda na zane kafin ku rubuta ƙa'idar a allo. Shugabannin makarantu kuma ku tanadar wa yara rula da littafi mai gida-gida.