Ashe Gawayin Talaka Ne Kaɗai Ke Hayaƙi?

Jama'a, 'yan boko sun ishi matanmu na Fegge a Anaca da wa'azi, wai su bar girki da gawayi su koma gas domin kada duniya ta ƙara ɗumi. Madalla! Amma da wane kuɗi?

Tun 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana ƙona gas a rijiyoyin mai, ta ba da wa'adin 1984. Yau fiye da shekara 40 da cikar wa'adin, wutar tana nan tana ci dare da rana a Neja Delta.

To, a tara gas ɗin nan da ake ƙonawa a banza, a dura shi a tukwane, a sayar wa talaka da rahusa. Wanda ya cinna wa rumbu wuta ba shi da bakin yi wa mai murhu faɗa.