Ra'ayinmu: Littafi ma haja ne, a ba shi wuri a kasuwa

Tun cikin watan Maris na shekarar 2025, kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasar nan ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Jama'a da dama sun yi murna, to amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: ina littattafan wannan harshe? Wanda ya zagaya babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, zai ga atamfa da shinkafa da salula da kayan miya iya ganinsa. Sabon littafin labari ko na waƙa da aka rubuta a Nijar, aka buga a Nijar, sai ya sha wuya kafin ya yi ido biyu da shi.

Marubuta kam muna da su, masu buga littafi ma akwai su, ko da yake ƙanana ne. A farkon shekarun 2000 gidan buga littattafai na Albasa ya fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa da taimakon Jamusawa. Bayansa gidan Gashingo na Yamai ya ɗauki irin wannan aiki, yana buga littattafan yara da na karatu cikin Hausa da sauran harsunanmu. Irin waɗannan ƙananan gidaje su ne ke karɓar rubutun matashin da babu wanda ya san sunansa, su gyara, su nemi mai zane, su kai wurin injin bugu. Duk sabon labari ko waƙa da za mu gani nan gaba da harshenmu, ta hannun irinsu zai fito. Manyan kamfanonin Faransa ba za su zo su yi mana wannan aiki ba.

Matsalar a fili take, kuma duk ɗan kasuwa zai gane ta da sauri. Takarda da tawada daga waje ake shigo da su, a biya kuɗin mota, a biya duwan. Tun daga 2023 da hanyar Kwatano ta samu cikas, wahalar shigo da kaya ta ƙaru. Sannan injin bugu yana da wata ɗabi'a: kuɗin shirya aiki ɗaya ne, ko kwafi 300 za a buga ko 3000. Wanda ya buga kaɗan, kowane kwafi zai faɗo masa da tsada. In ya yi tsada ba a saye, in ba a saya ba jari ya kwanta, in jari ya kwanta littafi na gaba ba zai fito ba. Shi ya sa yawancin ƙananan gidajen nan suke zaman jiran ma'aikatar ilimi ko wata ƙungiyar agaji ta yi odar littattafan lakwal. Ranar da aikin ƙungiya ya ƙare, bugu ya tsaya. Littafin labari da na waƙa, da ba su cikin tsarin lakwal, su ne ke fara shan kashi.

Mu leƙa Kano mu ga yadda suka yi. Tun daga shekarun 1980, da manyan kamfanonin bugu suka ja baya, marubuta suka daina jira. Mutum ya rubuta labarinsa, ya tara ɗan kuɗinsa, ya buga a takarda mai araha, ya raba shi kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ya kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Ta haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ta haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, haka ma Bilkisu Funtuwa da sauran mata masu yawa. Har aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. Wasu sun faɗi sunan da nufin raini, amma gaskiya ce tsagwaronta: kasuwa ce ta ɗauki littattafan. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya ta Jibiya da Ɗan Isa su ne suka riƙa sako su cikin kaya suna kawowa Maraɗi da Damagaram, mata suna karɓar haya suna karantawa a cikin gida, wadda ta iya karatu tana karanta wa wadda ba ta iya ba.

Abin da aka raina ɗin nan ya yi nisan da ba a zata ba. A 2012 wani ƙaramin gidan buga littattafai mai suna Blaft, a birnin Cennai na ƙasar Indiya, ya buga fassarar littafin Balaraba cikin Ingilishi. A 2016 wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Glenna Gordon, ta fitar da littafin hotuna a kan matan Kano marubuta, shi ma a hannun wani ƙaramin gidan bugu. Mu kuma a nan, labarin Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, marigayi Abdoulaye Mamani ya rubuta shi ne da Faransanci, aka buga a Paris a 1980. Yawancin jikokin mutanen da abin ya faru a kansu ba su iya karanta shi. Haka zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, da aikin dukawa da maƙeran Agadas: baƙi ke zuwa su ɗauki hotonsu, su buga a ƙasashensu, su sayar da kuɗin da mai aikin ba zai iya biya ba.

Za a ce ai yawancin mutanenmu ba su iya karatun boko ba. Gaskiya ne, manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai rabi ba. Amma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, ga azuzuwan yaƙi da jahilci da mata da yawa suka shiga, ga ɗimbin masu karatun ajami. Abin da malaman yaƙi da jahilci suka daɗe suna kuka da shi shi ne, mace ta yi wata shida tana koyon baƙaƙe, ta gama, ta rasa abin da za ta karanta, bayan shekara biyu karatun ya gudu. Ita ce kuma za ta koma tana ba wani ya duba mata takardar bashi ko rasit na haraji, ta yarda da duk abin da ya faɗa mata. Littafin labari mai daɗi da ke hana ta barci shi ke riƙe mata karatun, kuma karatun nan shi ke tsare mata jarinta.

Za a kuma ce salula ta kashe littafi. Lalle yanzu ana tura labarai ta WhatsApp, kuma kasuwar littafi a Kano kanta ta ja baya. Sai dai wannan ya nuna mana ƙishin labari bai gushe ba. Mu ma'aikatan rediyo mun sani, duk shirin da ake karanta labari ko waƙa a cikinsa ba ya rasa masu bugo waya. Labarin cikin salula yana tafiya ranar da salula ta lalace, marubucinsa kuma sau da yawa ko dala bai samu ba.

Don haka kiranmu na farko ga ƴan kasuwa ne. Mai kanti da mai tebur da ke sayar da littattafan rubutu da biro lokacin komawa lakwal, ya ware ɗan gefe ya aje littafi biyar ko goma na gida. Ba sai ya zuba jari mai yawa ba: a yi yarjejeniya da mai bugu, a karɓi kaya, a biya bayan an sayar, kamar yadda ake yi da sauran haja. Alhazan da Allah ya hore wa, masu gina masallatai da rijiyoyi, su sani ɗaukar nauyin buga littafi mai amfani shi ma alheri ne mai ɗorewa.

Na biyu ga mata ne. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 ya nuna wa duniya abin da mata ke iya yi da ƙaramin zubi na mako-mako. A ce ƙungiya mai mata 25 kowace ta ƙara sefa 100, wato dala ashirin, sau ɗaya a wata. Sefa 2500 ke nan, kuɗin littafi biyu ko uku. A shekara guda akwatin ƙungiya ya tara abin karatun da zai zagaya gida-gida, yaran gidan su ma su amfana.

Na uku ga masu buga littafin ne. Su fito daga ofisoshin Yamai su zo Tawa da Ƙonni da Tasawa ranar kasuwa. Su yi littafi ƙarami, mai araha, da Hausar da mai sayar da ƙosai za ta gane, su sanar da fitowarsa a rediyo tun kafin ya fito, su kuma tuna da masu ajami, musamman wajen waƙoƙi. Littafin da aka yi wa bango mai ƙyalli aka sa masa jika biyar, a cikin kwali zai tsufa.

Hukuma kuma, tunda ita ta ɗaga darajar Hausa a takarda, sai ta sassauta duwan a kan takardar bugu da tawada, ta riƙa sayen wani kaso na kowane sabon littafin harshen ƙasa don makarantu da ɗakunan karatu. Ba mu ce ta yi komai da komai ba. In mai bugu ya san yana da mai saye tabbatacce, sauran aikin shi da ƴan kasuwa za su ƙarasa.

Allah ya ba kowa kasuwa mai albarka, ya sa mu ga ranar da za a tambayi sabon littafi a rumfa kamar yadda ake tambayar sabuwar atamfa.