Makabartar Ikilisiya da Takardar Fili a Yammacin Zamfara



Idan ana lissafin asarar da 'yan bindiga suka jawo wa Zamfara, rayuka ake ƙirgawa, da shanu, da kuɗin fansa, da gonakin da aka bari ba noma. Daidai ne a fara da waɗannan. A shekarar 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura an tafi da ɗalibai, an kuma ɗebi yara sama da 70 daga makarantar Kaya a Maradun. Yawancin waɗanda wannan masifa ta ci maƙwabtanmu Musulmi ne, kada mu manta da haka cikin addu'a. Amma akwai wata asara da ta shafi ikilisiya kai tsaye, ba a kuwa jin ta a rediyo: idan masu bi suka watse daga ƙauye, 'yar majami'arsu da makabartar da ke bayanta sukan zama fili marar mai shi.

Bari mu tuna yadda ƙananan ikilisiyoyin Baftis suka samu a wannan ƙasa. Toma Bowen, mishan na farko na Baftis, ya iso ƙasar Yarbawa a 1850, aka kafa babban taron Baftis na Nijeriya a Ibadan a 1914. Amma ba Turawa ne suka kawo Baftis yawancin garuruwan Arewa ba. 'Yan kasuwa ne da masu sana'a, da dama daga Ogbomosho, tare da ma'aikatan jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, suka biyo shi da kayansu da Littafinsu. Daga baya aikin madatsar ruwan Bakolori, da makarantu, da asibitoci, suka jawo ma'aikata daga wurare dabam-dabam zuwa yankin Mafara. Ana fara sujada a ɗakin wani, sai a yi rumfa, sai a je gaban mai gari a roƙi wuri. Shi kuwa ya nuna da sanda: daga wannan tsamiya zuwa waccan suri. Magana ta ƙare. Mutunci ne takardar wancan zamani, ya kuma riƙe shekaru masu yawa. Mu yi godiya domin masu garin da suka yi wannan alheri.

Su wa ke kwance a irin wannan makabarta? A nan ne ya kamata mu dakata. Ɗan kasuwar da ya yi arziki, idan ya rasu, gida ake kai shi. Ma'aikaci daga Zuru ko Kudancin Kaduna, danginsa sukan zo da mota. Waɗanda ake bari su ne jarirai, da matan da suka rasu wajen haihuwa, da talakan da ba mai biya masa kuɗin mota, da mai bishara da ya ce a binne shi inda ya yi hidima, da ɗan ƙasa wanda ya karɓi Almasihu har danginsa suka ce ba ruwansu da gawarsa. Wannan na ƙarshe ba shi da wani gida da za a kai shi. Ikilisiya ce danginsa. Saboda haka makabartar ƙauye ita ce shaida mafi ƙarfi cewa bishara ta yi saiwa a wurin, ba baƙuwa ba ce mai jiran motar safe. Sau da yawa ma ba dutse, ba suna. Tsohuwa guda ce a zumuntar mata ta san wane ne a ƙarƙashin wace bishiya.

Yanzu tsohuwar tana Gusau ko Sakkwato wajen 'ya'yanta. Ciyawa ta rufe wurin.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a koya musu yadda fili ke kuɓucewa. An gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gidaje da gonaki a wajajen Maradun, aka tashi dubban mutane. Rigimar diyya da rabon gonaki ta yi ta ruruwa har zuwa Afrilu 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A cikin 1978 ɗin nan ne kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta sa dukan filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A ƙarƙashinta, filin birni gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma na da ikon ba da izinin zama na gargajiya. Gwamnati na iya karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuma akan lissafa ta ne bisa abin da aka gina ko aka shuka. To, wa zai tsaya ya yi magana domin kaburburan da ba su cikin kowane littafi?

Ba sai gwamnati ta zo ba ma. Na ga wata ikilisiya inda dattijon da ya san iyaka ya rasu, mai garin da ya ba da wurin shi ma ya rasu. Maƙwabcin gona bai yi faɗa da kowa ba. Kunya ɗaya yake ƙarawa kowace damina. Da aka farga, gero na tsaye a kan layin yara.

Akwai abin da ya shafe mu Baftis musamman. Muna alfahari da cewa kowace ikilisiya tana mulkin kanta, kuma koyarwa ce mai tushe. Sai dai a aikace wannan yana nufin littafin baftisma, da na aure, da na jana'iza, da 'yar takardar da mai gari ya sa wa hannu in akwai ta, duka suna cikin akwati guda a ɗakin sakatare ko na fasto. Aka ƙone ɗakin, ko gara ta shiga, tarihin shekara hamsin ya tafi. 'Yancin ikilisiya bai hana ta ajiye kwafi a ofishin ƙungiyar yanki ba. Girman kai ne da sakaci ke hanawa.

Wani zai ce, Fasto, ai Allah ya san inda nasa suke, tashin matattu ba ya jiran takardar ƙaramar hukuma. Gaskiya ne, kuma da wannan muke ta'azantar da waɗanda aka kashe musu mutum a daji ba su ga gawa ba. Amma ku duba Farawa sura 23. Allah ya riga ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar duka, duk da haka da Saratu ta rasu bai yarda da kyauta ba. Efron ya yi masa tayin kogon Makfela, shi kuwa ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari, aka ambaci filin da kogon da itatuwan da ke ciki. Bai raina kirkin Hittiyawa ba. Ya san mai kyauta yakan mutu, 'ya'yansa kuma ba su ji alkawarin ba. Irmiya sura 32 ta fi kusa da halinmu. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi yana tsare, sai ya sayi gona a Anatot, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutum ne da ya gaskata za a komo.

Na san amsar da za ta biyo: an sha neman takardar fili domin majami'a a jihohinmu a yi ta jan ƙafa, abin ya ƙara nauyi tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoba 1999. Ba na musun wannan. Gwamnoni uku sun fito daga garuruwan nan, Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, ba kuwa a daina wannan kuka ba. Amma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin addini, sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya. Wasiƙar nema da aka buga wa hatimin karɓa, ko ba a amsa ba, shaida ce a gaban kotu gobe. Kuma maganar makabarta takan fi ta gini sauƙin shiga kunne, domin Musulmi ya san haƙƙin mamaci. A je wa hakimi da sarki da ladabi, tare da shugabannin CAN na ƙaramar hukuma, a nemi wurin da sunan amintattun ikilisiya, ba da sunan fasto ko wani mai kuɗi ba.

Bukatar ma ƙaruwa take yi a cikin gari. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin kai gawa gida ya fi ƙarfin iyalai da yawa, hanyoyin kuma ba a bin su da kwanciyar rai. Waɗanda a da za a kai Zuru ko Ogbomosho, yanzu a nan za a binne su.

Ban ce kowa ya shiga daji domin auna kabari ba. Kada dikin ko matashi ya sa ransa cikin haɗari saboda wannan rubutu. Aikin da ya fi gaggawa ana yin sa ne a inda masu gudun hijira suke zaune. A zauna da Baba da Mama da suka fito daga ƙauyen, a ɗauki muryarsu a waya: wa ya fara sujada a wurin, wane mai gari ya ba da fili, su wa suka shaida, wa aka fara binnewa, wa ke gabas da tsamiya. A zana taswira ko da ta biro ce, su dangwala yatsa, a ɗauki hoton kowane shafi na littafin ikilisiya, a aika kwafi ga ƙungiyar yanki da makarantar tauhidi ta Baftis da ke Kaduna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin waɗanda suka san amsoshin nan sun haura shekara saba'in.