Wasiƙa Zuwa ga Masu Aikin Faiba a Kan Bahon Wankan Shaho

Ya ku 'yan'uwana da ƙannena masu aikin faiba a masana'antun Sharja da Ajman da Doha, da duk inda neman halali ya kai ku cikin ƙasashen Larabawa,

Dalilin rubuto muku wannan takarda shi ne, na lura cewa idan aka kawo wa ɗayanmu aikin jirgin ruwa ko tankin ruwa sai ya tattara hankalinsa duka, ya auna, ya sake aunawa, amma idan mai farauta da shaho ya zo yana neman a zuba masa bahon da tsuntsunsa zai riƙa wanka a ciki, sai a miƙa wa ƙaramin yaro, a ce ya kwaikwayi daron wanki, alhali kuwa a cikin dukan abin da na zuba da hannuna shekara da shekaru ban ga wanda kuskure kaɗan yake jawo hasara mai yawa kamar wannan ɗan baho ba.

Wanda ya yi karatun zaure a cikinku ya san farauta da tsuntsu ba baƙuwar mas'ala ba ce a wurinmu, domin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun mafarauta suka kamo, kuma mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ambaci horarren bazi tare da horarren kare a babin farauta. Mu dai a littafi muka karanta, su kuwa mutanen nan a hannu suke riƙe da shi. Wanda ya shiga kasuwar shaho ta Suƙ Waƙif a Doha, ko ya ga asibitin da aka buɗe wa waɗannan tsuntsaye a Abu Dabi a 1999, ba ya bukatar a gaya masa darajarsu a zukatan masu su. A 2010 ma hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin gadon al'adun 'yan Adam.

Sha'anin wankan kuma daɗaɗɗe ne. Usamatu bin Munƙiz, jarumin Shaizar ta ƙasar Sham, wanda ya rasu a 1188, ya ba da labari cikin Kitabul I'itibar na wani bazin mahaifinsa mai suna Yahshur, wanda idan yana son wanka sai ya riƙa kaɗa bakinsa cikin ruwan sha, sai a kawo masa babban akushi cike da ruwa, ya shiga ya yi ta bugun fuka-fukai har ya gamsu, sa'an nan a ajiye shi kusa da kaskon garwashi har ya bushe. Abin da ya kama ni cikin wannan hikaya shi ne, mutanen gidan sun san alamar tsuntsun tun bai shiga ruwa ba, saboda tsawon zaman da suka yi suna dubansa. Wannan duban shi ne farkon aikinmu, kuma ina yi muku nasiha kada wani ya ɗauki zarto ya yanka katakon samfuri sai ya roƙi mai shaho ya bar shi ya zauna nesa kaɗan, da hantsi, ya ga yadda tsuntsun ke yi.

Abin da zai gani ke nan. Shaho ba ya faɗawa ruwa kai tsaye kamar agwagwa. Yakan sauko daga turkensa ya hau leɓen bahon, ya tsaya nan tsawon lokaci yana waige-waige, domin ɗabi'arsa ta sanar da shi cewa jiƙaƙƙen gashi ba ya tashi da sauri, sa'an nan ya tsoma baki ya kurɓa, ya sa ƙafa ɗaya, ya sa ta biyu, ya durƙusa har ruwan ya taɓa ƙirjinsa, ya buɗe gashinsa ya yi ta girgiza yana watsa ruwa ko'ina. Idan ya gama kuwa kan leɓen nan zai koma da nauyinsa duka, kafin ya hau turke ya shanya fuka-fukai, ya shiga gyaran gashi da man da yake ɗebowa daga gindin wutsiyarsa. Masu shaho sun daɗe da sanin cewa tsuntsun da aka hana wanka, ranar da aka sake shi yana iya barin abin farauta ya tafi neman ruwa, wani lokaci tafiyar ke nan.

Awo bai da wuya. Tsohuwar dokar Amurka ta masu farauta da shaho ta shar'anta zurfin inci 2 zuwa 6, da faɗin da ya wuce tsawon tsuntsun, kuma ban ga abin da zan soka a wannan mizani ba. Sai dai ku tambayi wane iri ne, shahin ne ko hurru ko babban nan na ƙasashen ƙanƙara da suke kira jir, kuma mace ce ko namiji, domin a wannan jinsi mace ta fi namiji girma da kimanin sulusi. Ga babbar mace ni nakan ba da faɗin santimita 75 zuwa 80 da zurfin 10 zuwa 12, yadda wutsiya da bakin fiffike ba za su riƙa gogar bango ba.

Leɓe shi ne inda nake so ku dakata tare da ni. Shaho a ɗaure yake lokacin wanka, da maɗaurai a ƙafafunsa, waɗanda Larabawa ke kira subuƙ, da igiya daga gare su zuwa turke, saboda haka duk wani lungu ko tsaga ko lanƙwasa da ke ƙarƙashin leɓen tarko ne da muka ɗana masa da hannunmu. Na koyi wannan da baƙin ciki. A shekarun farko na zamana a nan na zuba wa wani dattijo baho mai leɓe irin na daro, wanda ya naɗe ya bar fili a ƙarƙashinsa, na goge shi har yana ɗaukar ido, na miƙa ina jin na yi gwaninta. Bayan mako biyu ya dawo mini da shi, bai ɗaga murya ba, ya buɗe hannunsa ya nuna mini gashin wutsiya guda biyu a karye, ya ce igiya ce ta shige ƙarƙashin leɓen, tsuntsuwar ta zabura, bahon ya kife a kanta. Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan sai in ji nauyi a ƙirjina, domin gashin da ya karye ba ya tsirowa sai lokacin zubar gashi ya zagayo, sai dai a yi masa dashe, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Tun daga ranar nake zuba leɓe mai kauri, kewayayye kamar taɓarya, faɗinsa ya kai santimita 4 ko 5 yadda yatsu za su kama shi sosai, sa'an nan bangon waje ya gangaro yana buɗewa har ya zauna daram a ƙasa, kamar an kife ƙwarya, ta yadda igiya za ta zame ta wuce ta kansa, kuma ko tsuntsun ya dira a gefe guda bahon ba zai ɗaga ba. Wannan gangare yana da wata fa'ida gare mu, domin shi ke sa aikin ya fita daga uwar zubi ba tare da kokawa ba.

Cikin bahon kuwa akwai maslaha biyu masu jan juna. Tsabta tana son santsi, saboda gansakuka da ƙwayoyin cuta a cikin kaushi suke samun mafaka, kuma ciwon baki da maƙogwaro da shaho ke ɗauka daga tantabaru yana iya bi ta ruwan da aka yi tarayya a kansa. Ƙafa kuma tana son abin kamawa, domin tsuntsun da ya zame sau ɗaya yana iya ƙaurace wa bahon kwana da kwanaki. Wasu sukan barbaɗa yashi a kan ɗanyen fenti, ni kuwa ban yarda da wannan ba ko kaɗan, saboda tafin ƙafar shaho wuri ne mai rauni, ƙaramar ƙujewa ke zama kumburin nan da likitocinsu suke shan wahalar magani. Abin da na tsaya a kansa shi ne a bar bango da santsinsa, a sassaƙa ƙananan tudu masu laushin kai a ƙasan samfurin tun farko, domin su fito cikin zubin, soso kuma ya iya bin tsakaninsu.

Samfurin katako ku cike shi da foti, ku bi shi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, domin duk tabon da kuka bari a kansa uwar zubi za ta ɗauke shi ta haifa muku shi a kowane baho. Sabuwar uwa a shafe ta da kaki sau biyar ko shida, ana bari yana bushewa ana gogewa. Jelkot ya zama kamar rabin milimita. Idan ya yi siriri zai yamutse, idan ya yi kauri zai tsattsage. In ya kama har yatsa na mannewa amma ba ya ɗaukar launi, sai a shimfiɗa siririn mayafin gilas, a bi shi da tabarmar zare mai giram 450 sau uku, ana ƙara ɗaya a leɓe, ana bin kowace da rola har kumfar iska ta fita, musamman a lanƙwasar leɓe, inda akaifa za ta fasa duk wani rami da ya ɓuya ƙarƙashin jelkot.

Hadina, wato sinadarin da ke sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na rezin ne, kuma ku auna da sirinji, ku bar aunawa da ido. Kun fi ni sanin zafin watan Yuli a waɗannan garuruwa, inda rezin ke daskarewa cikin kwano buroshi na hannu. Maganin wannan shi ne a dama kaɗan-kaɗan, a yi aikin bayan asuba, ba a rage hadina ƙasa da kashi 1 ba, domin zubin da bai nuna ba zai daɗe yana fitar da wari cikin ruwan da tsuntsu zai sha. Ku tsare idanunku daga hadina, ɗigo ɗaya yana makantarwa, kuma kada ku bar yaranku su yanke gefe ba su rufe hanci ba.

Launi ku zaɓi mai haske, kamar ruwan yashi ko toka-toka. Kore mai duhu da ake yawan gani a Ingila ya dace da ƙasarsu, a nan kuwa rana za ta mai da ruwan kamar na shayi kafin azahar. Bayan an yanke gefe a goge shi, a rufe shi da rezin har zare ko ɗaya bai leƙo ba, sa'an nan mutum ya bi shi da bayan hannunsa, idonsa a rufe. In ya ji tsini, aiki bai ƙare ba. A bar bahon mako guda a inuwa mai iska, a wanke shi da ruwan zafi sau biyu ko uku, a cika shi ya kwana, da safe a sunsuna.

Idan mai shi ya zo ɗauka, kada kunya ta hana ku gaya masa ya riƙa sauya ruwan kullum, kuma kada ya kankare cikin da wayar ƙarfe. Ni nakan roƙe shi kuma ya aiko mini da labari bayan kwana goma, ko tsuntsun ya shiga, ko kuwa yana tsayawa a leɓe ya juya. In ya juya, nakan tafi da kaina in zauna in duba, da awona a aljihu.

Ku gaishe mini da dukan 'yan'uwa. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin faiba