Ciwo ya warke, hannu ya ƙage



Kowaccenmu ta san wadda injin markaɗe ya kama wa yatsu, ko yaron da ya dafa garwashi, ciwo ya warke amma yatsun suka ƙage. Mai tuyar ƙosai ko mai ɗinki idan hannu ya daina moruwa, ai jarinta ne ya tafi.

Ɗinke rauni rabin aiki ne. Jijiyar yatsa da aka ɗinke takan kai mako 12 kafin ta yi ƙwari, kuma sai ana gashi da motsa yatsu a hannun ƙwararru. To ina ƙwararrun suke? Galibi suna manyan asibitoci, irin Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano da na Shika. Matar ƙauye ina ta ga kuɗin mota duk mako, ga yara ga sana'a? Zuwa biyu za ta yi ta haƙura.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Mu tambayi 'yan majalisarmu: gashin hannu yana ciki? Yaushe babban asibitin ƙaramar hukumarmu zai samu likitan gashi, ko da rana ɗaya a mako?

Kafin nan, don Allah idan aka yi wa wani ɗori yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, a garzaya asibiti a ranar.

A tura wa sauran zaurukan mata.