Fluconazole ba gyaɗar hostel ba ce

A hutun da ya wuce na je duba wani ɗan'uwana a ƙauyenmu, kusa da Malumfashi. Harshensa ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo, ko kunu ba ya haɗiyuwa. Wata shida yana sayen fluconazole a kyamis, ya sha ƙwaya biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye. Har ta kai maganin ya daina yi masa komai. Da ƙyar muka kai shi asibiti, gwaji ya nuna cutar ƙanjamau ce ta karya masa garkuwa. Tsoron gwajin nan ne ya tsare shi a kyamis.

Wannan farin abu ƙwayar fangas ce mai suna Candida. Tana jikin yawancinmu lafiya lau, sai garkuwa ta yi rauni take miƙe ƙafa. Fluconazole kuma ba ya kashe ta, hana ta yaɗuwa yake yi. In ana sha ana katsewa, masu taurin ne ke saura su hayayyafa. Duk ɗan manomi daga Funtua zuwa Bakori ya san wannan: ka tsinka maganin feshi da ruwa don ya kai, tsutsar masara ta wuce abinta.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 masu barazana, Candida albicans na cikin huɗun farko. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙanjamau a Najeriya. Yawancinsu fluconazole ne maganin da aljihunsu zai iya. Ɗaya daga cikin waɗanda ke bayansa, amphotericin B, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, yana kuma taɓa ƙoda.

Mu ɗalibai ma da laifinmu. A hostel, ƙaiƙayi kaɗan sai a ce "sanyi ne", ƙawa ta miƙo ragowar nata. Ba kowane sanyi ne Candida ba, kuma ƙaiƙayi ba ya nufin ƙanjamau. Gwaji ne kawai ke rarrabewa.

Roƙona ga ƙungiyarmu: ta shirya ranar gwaji cikin sirri a asibitin makaranta. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan'uwana ya fara sha, likita ya canza masa maganin bakin, yanzu tuwo yake ci. Allah ya ƙara mana lafiya.