Ƙaramar Kyamara Da Amanar Tarihin Zango



A gidaje da dama na Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama, idan aka buɗe tsohon akwati ko aljihun tebur, za a tarar da wata 'yar kyamara mai launin azurfa wadda ba ta fi tafin hannu ba. Batirinta ya mutu, igiyarta ta ɓata, yara sun gaji da wasa da ita. Ra'ayinmu shi ne, abin da ke cikin waɗannan kyamarori, da katunansu, da faya-fayan CD da aka kwafe su a kai, yana daga cikin mafi darajar abin da zangunanmu suka mallaka na tarihi, kuma shi ne ya fi kusa da salwanta. Muna so mu faɗi dalili, mu kuma faɗi abin da ya kamata a yi.

Kafin zuwan wannan na'ura, hoto sana'ar masu ita ce. Birnin Accra ya daɗe da ƙwararru a wannan fage: ɗakin ɗaukar hoto na Deo Gratias a Jamestown yana nan tun 1922, kuma a unguwar ce James Barnor ya buɗe nasa mai suna Ever Young a shekarun 1950. Amma a wurin talakan zango, hoto abu ne na rana ta musamman. Sai an yi wanka, an saka babbar riga ko sabuwar atamfa, sannan a je wurin mai hoto, ko kuma shi ya zo wurin aure da suna. Fim ɗaya ba ya wuce hoto 24 ko 36, kowanne kuma da kuɗinsa na wanki. Saboda haka ba a ɓarnatar da fim a kan mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, ko almajirai suna wanke allo, ko tsohuwa tana tuƙa tuwon zafi. Abin da ya rage mana na wancan zamani shi ne fuskokin mutane a tsaye ƙiƙam cikin kwalliya. Rayuwar yau da gobe ba ta shiga ba.

Ƙaramar kyamarar dijital ce ta rushe wannan shinge. Kamfanin Casio ya fitar da QV-10 a 1995, mai ɗan allo a baya da mutum zai ga abin da ya ɗauka nan take. Sony ya biyo da Mavica a 1997, wadda take ajiye hoto a faifan kwamfuta irin na da. Daga shekarar 2000 zuwa gaba sai kasuwa ta cika da Cyber-shot da Coolpix da IXUS da FinePix da EasyShare. Zuwa zango kuwa, hanyoyinsu sanannu ne: tsarabar alhazai daga Makka da Madina, saƙon 'ya'yanmu da ke Amurka da Jamus da Italiya, da kuma na hannu da ake saye a kasuwar Circle. Wanda ya riƙe ta ba mai sana'a ba ne. Ɗalibi ne, ko tela, ko direba, ko budurwar da yayanta ya aiko mata. Ba ya biyan kowa kafin ya danna, in hoton bai yi ba ya goge ya sake. A karon farko ɗan zango ya kalli zango da idonsa, ya ɗauki abin da shi yake ganin ya isa a ɗauka.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mutanen da suka saba ganin hoton unguwarsu a hannun baƙi. Ɗan jarida ko mai bincike idan ya shigo Nima, sau da yawa babbar kwata da cunkoso da shara yake nema, domin labarin da ya zo da shi ke nan tun daga gida. Kyamarar ɗan gida kuwa ta ɗauki walimar saukar Alƙur'ani, da zaman Mauludi, da tafsirin watan azumi, da sahun Idi, da rakiyar maniyyata, da naɗin sarakunan ƙabilu, da wasan ƙwallon yara a fili. Ta ɗauki bikin cikar Ghana shekara 50 da 'yanci a 2007, shekarar da aka sauya kuɗi, tsohon sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Ta ɗauki tutoci a lunguna lokacin gasar cin kofin Afirka ta 2008, da daren da Black Stars suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin duniya na 2010. Fiye da duka, ta ɗauki dattawa da malamai da iyaye mata waɗanda yau suna kushewa, suna zaune yadda suka saba zama, ba yadda mai hoto ya tsara su ba.

Zamanin nan bai yi tsawo ba. Alƙaluman kamfanonin Japan masu ƙera kyamara sun nuna cewa a 2010 an fitar da kusan miliyan 120 a duniya, bayan shekara goma kuwa adadin bai kai miliyan 10 ba. Wayar hannu ce ta ci kasuwar. Kodak da kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Ke nan abin da muke magana a kai bai wuce kamar shekara goma zuwa sha biyu ba. Sai dai a cikin waɗannan shekarun ne zangunanmu suka sauya kama: gidajen ƙasa suka koma bene, masallatai suka faɗaɗa, tsara guda ta dattawa ta wuce.

Me ya sa muka ce hotunan wannan zamani sun fi na kowane zamani haɗarin ɓacewa? Hoton fim an wanke shi a takarda, yana jikin bango ko cikin albam, ko ya koɗe ana gane shi. Hoton waya na yau yakan hau intanet da kansa, ko ya bazu a WhatsApp. Na ƙaramar kyamara ya faɗa tsakani: ba a wanke yawancinsa ba, bai kuma hau ko'ina ba. Katin da ke cikinta ƙarami ne, idan ya cika sai a je kafe a juye a faifan CD, a goge katin a ci gaba. Faifan da ake kwafa a gida ba ya jure zafi da danshi da karce, Accra kuwa ba ta rasa ko ɗaya daga cikin ukun. Katunan kuma iri-iri ne: Sony na da Memory Stick, Olympus da Fujifilm na da xD, wasu CompactFlash, wasu SmartMedia. An daina ƙera da yawa daga cikinsu, na'urar karanta su ma sai an tona. Kwamfutocin da aka tara hotuna a kansu sun lalace, an sayar wa masu gwangwan, da yawa sun ƙare a Agbogbloshie tun kafin a rushe wurin a 2021. Ga kuma ambaliya, irin ta 3 ga Yuni 2015, wadda duk mai gida kusa da kwata ya san abin da ruwa yake yi wa akwatin ƙarƙashin gado.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, cewa hotunan ba su da kyau: ƙananan ne, wasu sun yi dishi-dishi, walƙiyar kyamara ta mai da idanu ja. Gaskiya ne. Amma wanda yake neman fuskar kakarsa ba ya tambayar yawan megafiksel. Da babu gara ba daɗi. Kuma sau da yawa darajar hoto ba ta wurin wanda aka nufa da shi take ba, tana bayansa: allon shago, tsohon ginin makarantar allo, bishiyar da aka sare, farashin da aka rubuta a bango.

Na biyu, cewa malamai sun yi saɓani a kan hoto. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu da hurumin yanke hukunci a kansa. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Gidan da ba ya son a ajiye hoton mamacinsa, a girmama shi, kada a matsa. Abin da muke tunatarwa kawai shi ne, hotunan nan sun riga sun wanzu. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko su kasance a hannun masu kiyaye mutuncinsu, ko su faɗa hannun duk wanda ya sayi tsohuwar kwamfuta ko tsohon kati a kasuwa. Yanzu ma matasa a ƙasashe da dama sun koma sayen waɗannan tsofaffin kyamarori don yayi. Kafin wani ya sayar da tasa, ya tabbata ya cire katin.

Na uku shi ne mafi nauyi a wurinmu: sirri. Ƙaramar kyamara ta shiga inda mai hoton kasuwa bai taɓa shiga ba. Ta shiga ɗakin amarya, ta shiga wurin lalle, ta ɗauki mata babu mayafi a tsakanin 'yan'uwansu mata, ta ɗauki maras lafiya a kan gado. Akwai auren da ya mutu, akwai wadda ta sauya rayuwa ba ta son a tuna mata da jiya. Suratul Hujurati ta hana mu bin diddigin asirin juna. Don haka ba mu kira kowa ya kwashe abin da ya samu ya zuba a Facebook don a yaba masa ba. Adanawa daban, yaɗawa daban. Wanda ya ɗauki hoto ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba. Wanda ke cikin hoton ma yana da nasa, in ya rasu kuma iyalansa ne za a tambaya.

Magabatanmu sun bar mana misali. Malam idan ya gama kwafar littafi da hannu, yakan rubuta sunansa a ƙarshe, da sunan mai littafin, wani lokaci har da ranar da ya gama. Saboda irin wannan tsanaki, da kuma aikin tattara rubuce-rubuce da aka yi a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon a shekarun 1960, har yau ana karanta waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934. Akasin haka ma mun sani. Lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a 1969, iyalai da yawa sun bar zanguna cikin gaggawa, takardu da hotuna suka watse tare da su. Muna faɗin sunan Malam Bako idan ana zancen kafuwar Sabon Zango, muna faɗin Malam Amadu Futa idan ana zancen Nima, amma mu tambayi kanmu: fuskoki nawa muka sani daga cikin dubban da suka gina waɗannan unguwanni tare da su? Hoto marar suna kamar ruwaya ce marar isnadi. Yau akwai mai cewa wannan wance ce 'yar wane. Bayan shekara ashirin babu.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gida ɗaya. A nemo kyamarori da katuna da faya-fayai a tara su wuri guda. A cire tsohon batiri, domin idan ya tsiyaye yana cin ƙarfen ciki. Kada a goge kati ko a sake tsara shi, ko da ya nuna babu komai, domin akan iya dawo da abin da aka goge muddin ba a ɗora sabo a kai ba. A kwafi komai zuwa wuri biyu aƙalla, ɗaya a wani gida daban. Idan za a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin turawa ta yau da kullum tana rage ingancinsa. Kada a dogara da kwanan watan da kyamara ta rubuta, saboda da yawa sukan koma ranar farko duk lokacin da batiri ya mutu. A zauna da tsofaffi, musamman iyaye mata, waɗanda suka fi kowa sanin dangantaka, a rubuta sunaye da wuri da sha'anin da ya tara mutane. A ƙarshe a zaɓi mafi muhimmanci a wanke su a takarda, domin takarda ba ta bukatar caji.

Abin da ya shafi jama'a baki ɗaya, kamar naɗin sarauta, ginin masallaci, ko ziyarar manyan malamai irin su Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, muna roƙon sarakunanmu da limamai da magajiyoyi su ware amintattun matasa da za su karɓi kwafi da izinin masu shi, su mayar da asali ga mai shi, su rubuta sunan wanda ya ɗauka. Idan aikin ya kankama, akwai inda za a nemi shawara a cikin birnin nan, kamar ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da cibiyar hotuna ta Dikan da aka buɗe a Osu a 2022. Amma shawara za mu nema, ba wanda zai yi mana aikin ba, domin babu baƙon da zai gane fuskokin nan.

Matasanmu, wannan aikinku ne, don ku kuka san kan na'ura. Iyayenmu, naku shi ne ku ba su lokaci ku faɗa musu sunaye. Hutun ƙarshen mako ɗaya ya isa gida guda ya fara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani, Ya zaunar da zangunanmu da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.